Kayan Ɗakin Amarya ko Ƙananan Kaya: Wace Hanya ce Ta Dace da Mai Aikin Katako na Sha'awa a Sakkwato?

Mutumin da yake aikin katako don sha'awa, wato wanda yake da wani abin yi da yake ci da shi amma ya keɓe Asabar da Lahadi ko bayan la'asar domin zarto da guduma, yakan kai matsayin da baƙi za su fara tambayarsa inda ya sayi teburin da ke zaurensa. Idan ya ce shi ya yi da hannunsa, abin da zai biyo baya shi ne a tambaye shi ko zai yi irinsa, kuma nawa zai sallama. Daga wannan rana ce tunanin neman kuɗi da abin da ake yi don jin daɗi yake shiga zuciya. A Sakkwato hanyoyi biyu ne suka fi buɗuwa ga irin wannan mutum. Ko dai ya riƙa karɓar aikin kayan ɗakin amare bisa oda, gado da sif da madubi da kujeru, ko kuwa ya riƙa yin ƙananan kaya a lokacin da ya samu, sai sun kammala sannan ya nemi mai saye. Na bi duka biyun, kuma da ta farko na soma, domin ita ce kuɗinta ya fi fitowa fili.

Ba abin mamaki ba ne kayan ɗaki su ja hankali. A al'adarmu iyayen amarya ne suke yi mata kayan ɗaki, kuma komai ƙuncin da ake ciki, uba ba ya yarda a kai ɗiyarsa ɗakin da babu gado. Saboda haka kasuwar ba ta mutuwa, sai dai ta yi sauƙi ta kuma cika, musamman a watannin Rajab da Sha'aban da ake gaggawar ɗaura aure kafin azumi, da bayan sallolin nan biyu, da hutun ƙarshen shekara. Ribar saiti guda takan wuce abin da mutum zai tara daga ƙananan kaya masu yawa, sannan kuma akwai tallar da ba a biya ba, domin ranar jere gwaggwanni da innoni da ƙawayen amarya duk za su shafa gadon, su buɗe sif, su tambayi wanda ya yi. Idan aikin ya yi kyau, daga ɗaki guda ana iya samun oda biyu ko uku.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne cewa ranar jere ba ta ɗaguwa saboda kafinta. Mai shago yana da kwana shida a mako, yana da yara masu goga da masu buga ƙusa, shi kuwa mai sha'awa yana da kwana biyu da hannu biyu. Aikin da yake buƙatar kwana 18 cikakku zai ɗauki mai shago mako uku ko ƙasa da haka, amma zai ɗauki mai sha'awa mako tara, wannan ma idan ba a taɓa masa Asabar ko Lahadi ba. Duk wanda ya san garin nan ya san cewa ranakun ne na ɗaurin aure da suna da gaisuwar rasuwa, kuma mutum ba ya cewa ba zai je ta'aziyyar maƙwabci ba domin yana da gado a hannu. A ƙara da ranakun da wuta za ta ɗauke, da zafin Afrilu da Mayu wanda yakan haura digiri 40 har aikin tsakar rana ya gagara. Aikin amarya na farko da na karɓa na ƙanwar wani abokina ne, na yi alkawarin mako shida, kuma na kai kayan daren jajibirin jere, fenti bai gama bushewa ba, ƙofar sif guda ba a ɗaura ba. Mahaifiyar yarinyar ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, da ka gaya muna gaskiya tun farko, da mun nemi wani, kai ma da ka huta." Na karɓi kuɗina cif, amma daga wannan dangi ban sake samun aiki ba, kuma na fahimci cewa sunan da ake yi wa kafintoci da teloli na saɓa alkawari, sau da yawa daga rashin iya lissafin kwanaki yake farawa, kafin ya zama hali.

Batun kuɗi ma yana da nasa ƙulli. Aikin oda yana da fa'idar cewa mai kaya ne yake ba da kafin alƙalami, don haka da jarinsa ake aiki. Amma farashin da aka yanka yau ba ya jiran kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekara, allunan MDF (waɗanda ake yi da garin katako da aka matse da gam) da soso da yadin kujera da hinji da hannayen durowa, waɗanda akasarinsu daga waje suke zuwa ko da kayan waje ake yin su, suka riƙa tashi tsakanin ranar ciniki da ranar da za a je saye. Mai shago yakan rufe asarar wannan aiki da ribar wancan, shi kuwa mai aiki guda a hannu daga albashinsa zai cike giɓin. Maganin da na sani shi ne kafin alƙalamin ya isa sayen dukkan kayan aiki, kuma a saye su a cikin makon da kuɗin ya shigo, ba tare da an taɓa ko kwabo don wata buƙata ba. Cikon kuɗi kuma a karɓe shi kafin kaya su hau mota, domin da zarar gado ya shiga ɗakin amarya babu mai mutuncin da zai je ya kwance shi, kuma iyayen da suka fito daga hidimar biki ba su da abin biya sai bayan watanni.

Akwai kuma ɓangaren shari'a wanda bai kamata ɗan Sakkwato ya tsallake shi ba. Sa mai sana'a ya ƙera abin da babu shi tukuna shi ne malaman fiƙihu suke kira istisna'i, kuma sharaɗinsa shi ne a bayyana nau'in kaya da girmansu da siffarsu da lokacin miƙawa, yadda gardama ba za ta taso ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta halatta a jinkirta biyan kuɗin irin wannan ciniki ko a biya shi kashi-kashi. Sai dai riƙe kuɗin da aka fara bayarwa don kawai mai saye ya fasa, mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta yarda da shi ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta. Aure kuwa akan ɗaga shi, akan ma fasa shi, sai a bar kafinta da gadon da aka yi wa launin da wata ta zaɓa. Ya kamata a tambayi malami yadda za a tsara wannan tun kafin a karɓi kuɗi, a kuma rubuta yarjejeniyar a gaban shaida.

Wani abin da ya fi duk waɗannan sa ni ja da baya shi ne irin kayan da amaren yanzu suke so. Hoton da ake kawowa a waya na saitin Turkiyya ne ko na Dubai, mai faɗi, mai santsi, mai sheƙi, kuma da allunan MDF ake yin sa, waɗanda kowannensu ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Irin wannan aiki na inji ne. Yana buƙatar babban injin yanka mai fitar da layi daidai, da na liƙa baki, da na feshin fenti, da fili mai rufi inda za a jingine allunan a kuma ajiye saitin kafin ranar ɗauka. Mai sha'awa zai ɗauki allo ya kai inda ake yanka ya biya, ya kai wurin feshi ya biya, ya ɗauki a-kori-kura sau uku ko huɗu, sannan ya fito da abin da manyan wuraren aiki suke fitarwa cikin sauri da araha fiye da shi. Abin da ya sa ya ƙaunaci katako tun farko, wato zaɓen itace da fere shi da haɗa gaɓa da gaɓa har su kama juna ba da ƙusa ba, babu wurinsa a cikin wannan aiki. Ya shiga gasa a fagen da ba shi da fifiko, ya bar fagen da yake da shi.

Hanya ta biyu ba ta da wannan ƙyalli, amma a nan ne hannun mutum yake bayyana. Ina nufin teburin tsakiyar ɗaki, da kujera 'yar tsugunne, da kantar littattafai, da maɗorin Alƙur'ani mai naɗewa, da ma'ajiyar takalma ta bakin ƙofa, da ɗan teburin karatu na yara, da benci mai ƙarfi na zaure. Babbar fa'idarsu ita ce babu ranar da ke rataye a wuyan mai yin su. Idan wannan Asabar ta tafi a wurin jana'iza, teburin zai jira ta gaba ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Jarinsu kaɗan ne, wasu ma daga guntayen katakon da manyan kafintoci suke sayarwa da araha ake fitar da su, kuma kuskuren da aka yi a kansu asararsa ba ta wuce ta katako guda ba. Suna shiga keke napep, ƙananan cikinsu ma ɗan kabu-kabu yana ɗauka.

A nan kuma Sakkwato tana da wata dama da wasu garuruwa ba su da ita. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma har yau majema da dukawa suna nan a cikin gari da sana'arsu. Kujerar da aka yi wa ƙafafu da katako mai kyau, aka ɗaura mata mazauni na ƙirgi, aka yi mata ado da jar fata ko baƙa irin ta dukawanmu, abu ne da ba a kwatanta shi da na kanti, saboda babu irinsa a kanti. Sai dai a lura cewa fatar akuya ƙarama ce kuma ba ta da kauri, don haka wurinta shi ne ado da rufin matashi, nauyin mutum kuwa ƙirgin sa ne yake ɗauka. Idan za a yi irin wannan aiki, a zauna da baduku tun farko a yanka ladansa a kan kowace kujera, domin rabin kyan abin daga hannunsa yake fitowa.

Yanayin garinmu ma yana goyon bayan mai aiki a natse. Yawancin katakon da ake sayarwa a nan daga dazuzzukan kudu yake zuwa, irin su obeche da malaina da loko, kuma sau da yawa yakan iso da sauran danshi a jikinsa. Katako yana tsukewa ne ta faɗinsa idan yana bushewa, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa, saboda haka teburin da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Satumba, idan iskar hunturu ta busa masa a Disamba da Janairu sai samansa ya tsage ko ya lanƙwashe, gaɓoɓinsa su saki. Wanda aka haɗa ƙam-ƙam a tsakiyar hunturu kuma, idan damina ta sauka sai durowarsa ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Mai aikin oda ba shi da lokacin jira, abin da ya tarar a wurin 'yan katako shi zai yanka. Mai ƙananan kaya kuwa yana iya sayen katakonsa ya jera shi a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ya bar shi watanni kafin ya taɓa shi. Yana kuma iya zaɓen lokacin fenti, ya guji ranakun da ƙura ta turnuƙe, ya yayyafa ruwa a ƙasa da sassafe kafin ya shafa. Madaci da kawo da maje duk suna ba da aiki mai kyau idan sun bushe, haka ma dogonyaro da ya cika garin nan, wanda dangin madaci ne kuma ƙwari ba su cika damunsa ba. Madobiya ta fi su kyau a ido, amma an yi mata saran ƙare dangi saboda fitar da ita waje, har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe tun shekarar 2017, kuma ni a ganina mutumin da yake zaune a bakin hamada bai kamata ya gina sana'arsa a kanta ba.

Wannan hanya tana da nata ciwon, kuma ba ƙarami ba ne. Kuɗin mutum ne yake kwance a cikin kayan har sai an saya, kuma ana iya yin wata biyu ba a taya ba. Idan aka zo tayin ma, mai saye yakan auna 'yar tsugunne ta madaci da kujerar roba, ya yi tayin da ko kuɗin katako bai kai ba. Babban kuskuren masu sha'awa shi ne sallamawa a irin wannan farashi, saboda ba su ɗauki lokacinsu a bakin komai ba. A ɗauka cewa teburin tsakiya ya ci naira 18,000 na katako da gam da samfefa da fenti, ya kuma ci awa 10 na aiki. Idan mutum ya yi wa awarsa kuɗi naira 1,000, ya ƙara naira 2,000 na sufuri da lalacewar kayan aiki, to uwar kuɗin teburin naira 30,000 ce, kuma duk abin da ya gaza haka asara ce ko da ya ga kamar ya ci ribar dubu biyar. Wanda ya saba sayarwa a ƙasa da uwar kuɗi yana cutar da kansa, yana kuma karya farashi ga kafintocin da da wannan sana'a suke ciyar da iyalinsu. Gara a ce albarka, a jira wanda ya san cewa araha ba ta ado.

Ta ina za a samu wannan mai sayen? Ana iya kai kayan shagon wani a kasuwa ko a bakin titi ya ajiye, idan an saya ya cire la'adarsa. Wannan yana kawo idon jama'a, amma mai shago nasa kayan zai fara nunawa, naka kuma su sha rana da ƙura a waje, sannan kuɗin yakan daɗe a hannunsa bayan an sayar. Gobarar da ta cinye babban sashe na Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ta isa ta tuna wa mai ajiye kaya a shagon wani cewa amana ce ya bayar, kuma wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba. Na fi samun biyan buƙata ta waya. Hoto mai kyau da aka ɗauka a hasken safiya, tare da awon tsawo da faɗi da sunan itacen da farashi a rubuce, idan aka sa shi a WhatsApp da Facebook yakan kai ga malaman jami'a da ma'aikatan asibiti da na banki, da 'yan Sakkwato mazauna Abuja da Kaduna masu son ajiye abin gida a falonsu. A yi hattara da masu turo hoton shaidar biya na ƙarya, kada kaya su fita sai kuɗin ya bayyana a asusu. Aikawa Birnin Kebbi ko Gusau ko Kano ta tashar mota abu ne mai yiwuwa ga ƙaramin tebur da aka naɗe da kwali, musamman idan an yi ƙafafunsa masu kwancewa, amma sif mai ƙofa huɗu ba ya jure wannan tafiya.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin abin dubawa, ko wace hanya ya zaɓa. Dokar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Da yawa ba su san da wannan ba, kuma ya kamata mutum ya nemi shawarar lauya kafin ya buɗe shago ko ya yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Malamin makaranta mai zaman kanta da ɗalibi da ɗan fansho da ɗan kasuwa ba su da wannan takunkumi, sai dai abin da yarjejeniyar wurin aikinsu ta ƙunsa.

Wanda yake da niyyar barin aikinsa ya zama kafinta gaba ɗaya, yana da fili da jarin sayen inji da yaran da za su taya shi, to kayan ɗakin amare ne kasuwarsa, domin ƙananan kaya kaɗai da wuya su riƙe gida. Amma wanda yake son ya ci gaba da aikinsa, katako ya zama ƙarin samu ba tare da ya daina jin daɗinsa ba, shawarata ita ce ya soma da ƙananan kaya, nau'i biyu ko uku kacal, ya maimaita su har hannunsa ya yi sauri a kansu, ya kuma riƙa rubuta awannin da kowanne ya ci da abin da aka saye shi. Bayan hunturu guda da damina guda sun wuce a kan kayan da ya sayar, zai ga waɗanda suka tsage da waɗanda suka tsaya, kuma littafinsa zai gaya masa ainihin saurin aikinsa.

Oda za ta zo da kanta a wannan tsakani, domin wadda ta sayi tebur za ta dawo ta ce, "Malam, ɗiyata za a yi wa aure, ko za ka yi muna gado?" Ni yanzu nakan karɓa ne idan abubuwa uku sun cika: gado ne kaɗai na katako zalla, ko gado da madubinsa, ban da sif da kujerun kushin, busasshen katakon da zan yi aikin da shi yana hannuna tun kafin a yi maganar, kuma tsakanin ranar ciniki da ranar jere akwai ninki biyu na makonnin da littafina ya nuna aikin zai ci. Idan ɗaya ya gaza, nakan ba Hajiya haƙuri, in kwatanta mata kafintan da na yarda da aikinsa, in kuma yi wa amaryar 'yar tsugunne mai mazaunin ƙirgi a matsayin gudunmawata.